Kennet da Avon: Yadda masu aikin sa-kai suka raya hanyar ruwan da ta mutu a Ingila

A ranar 8 ga Agustan 1990, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta shiga wani ƙaramin jirgin ruwa a garin Devizes da ke kudancin Ingila, inda ta sake buɗe hanyar ruwa ta Kennet da Avon, bayan an shafe kusan shekara 40 babu jirgin da ya ratsa ta daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da ya sa bikin ya shiga tarihi shi ne, ba hukuma ce ta faro aikin ba. Hasali ma, hukumar da ke riƙe da hanyar ta taɓa neman iznin majalisar dokoki domin ta rufe ta ɗungurungum. Mazauna garuruwan da ke bakin ruwan ne suka ce ba su yarda ba, sannan suka shafe shekara da shekaru suna kwashe laka da sassabe ciyayi da tara kuɗi, har hanyar ta dawo da rai.

A yau ana kallon wannan aiki a matsayin ɗaya daga cikin manyan misalan yadda al'umma ke ceto kayan tarihinta. Sai dai labarin ya kuma nuna iyakar abin da aikin gayya zai iya yi, da kuma nauyin da ke biyo bayan nasara.

Wace irin hanya ce?

Hanyar ba irin magudanan noman rani ba ce, kamar waɗanda ke kai ruwa gonakin Kadawa a Jihar Kano. Wannan an haƙa ta ne domin jiragen dakon kaya su bi ta cikinta, a zamanin da babu jirgin ƙasa, titunan ƙasar kuma suke cike da ramuka da taɓo.

Tsawonta baki ɗaya kilomita 140 ne, daga birnin Bristol a yamma zuwa garin Reading a gabas, inda take haɗuwa da Kogin Thames mai wucewa ta Landan. Ɓangarori biyu na hanyar koguna ne da aka gyara: Kogin Kennet daga Reading zuwa Newbury, wanda jirage suka fara bi a 1723, da Kogin Avon daga Bristol zuwa Bath, wanda aka kammala a 1727. Tsakiyar kuwa, mai tsawon kilomita 92, haƙa ta aka yi da hannu, daga 1794 zuwa 1810, a ƙarƙashin jagorancin injiniya John Rennie.

Dalilin aikin na kasuwanci ne. Kafin a haƙa ta, kayan da za su tashi daga Bristol zuwa Landan sai sun zagaya ta teku, inda guguwa da jiragen Faransa ke yi musu barazana, domin a lokacin ƙasashen biyu suna yawan gwabza yaƙi. Da aka buɗe ta, sai gawayin ƙasa daga ma'adinan Somerset da duwatsun gini daga Bath da hatsi da katako suka riƙa ratsa tsakiyar ƙasar cikin aminci. Dawakai ne ke jan jiragen, suna tafiya a kan wata siririyar hanya da ke gefen ruwan, kuma doki ɗaya kan ja kayan da suka kai tan 30 ko fiye, abin da ba zai taɓa iyawa ba a kan tudu.

Yadda jirgi ke hawa tudu

Ruwa ba ya hawa tudu, alhali ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu tuddai ne da kwaruruka. Dabarar da aka yi amfani da ita ita ce abin da Turawa ke kira lok, wanda za a iya kwatanta shi da zauren ruwa: ginin bulo ko dutse mai ƙofa a gaba da ƙofa a baya.

Idan jirgi zai hau, sai ya shiga zauren ta ƙofar ƙasa a rufe ta. Daga nan sai a buɗe ƙananan kafofi a ɓangaren sama, ruwa ya kwararo har zauren ya cika, jirgin ya taso tare da shi. Da zarar ruwan ciki ya yi daidai da na gaba, sai a tura ƙofar sama, jirgi ya wuce. Idan sauka zai yi, sai a juya tsarin. Babu inji a cikin aikin, nauyin ruwa ne da ƙarfin hannu.

Akwai irin waɗannan zauruka sama da 100 a kan hanyar. Mafi shahara su ne na tudun Caen Hill da ke Devizes, inda zauruka 29 ke ɗaga jirgi mita 72 a cikin tafiyar kilomita uku da ɗoriya. Guda 16 daga cikinsu jere suke kamar matattakala, kowanne da tafkinsa a gefe domin adana ruwa. Jirgi kan shafe awa biyar zuwa shida kafin ya gama ratsa su.

To amma duk jirgin da ya wuce, cikin zaure guda na ruwa yake zubarwa zuwa gangare. Saboda haka dole a riƙa mayar da ruwa ƙololuwar hanyar, in ba haka ba ta ƙafe. Wannan ne ya sa aka gina tashar famfo a Crofton, mai injinan tururi da ke ɗaga ruwa kimanin mita 12, da wata a Claverton kusa da Bath, wadda ƙarfin Kogin Avon ke juya mata babbar ƙafar ruwa. Matsalar ruwa ta dabaibaye hanyar tun farkonta, kuma har yanzu ba ta rabu da ita ba.

Zuwan jirgin ƙasa

Zamanin cin kasuwar hanyar bai wuce shekara 30 ba. A 1841 kamfanin Great Western Railway ya kammala layin dogo tsakanin Landan da Bristol, tafiyar da ke cin kwanaki a ruwa ta koma ta awoyi. A 1852 kamfanin jirgin ƙasan ya saye hanyar ruwan gaba ɗaya.

Doka ta wajabta masa barin ta a buɗe, amma ba shi da wata riba a cikin bunƙasarta. Sai ya ƙara kuɗin fito, ya rage kulawa. Laka ta riƙa taruwa, ƙofofi suka fara ruɓewa. Da aka daina jigilar gawayin Somerset ta ruwa a wajajen 1900, sai babbar hanyar samun kuɗin ta yanke. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun mayar da hanyar layin tsaro, saboda fargabar mamayar Jamus, kuma har yau ana ganin ƙananan gine-ginen kankare da suka yi a bakinta.

A 1948 gwamnati ta karɓe layukan dogo da hanyoyin ruwan da ke hannunsu. Shekara biyu bayan haka aka rufe wani sashe kusa da Newbury bisa dalilin lalacewa, lamarin da ya karya sana'ar wani mai dakon kaya a ruwa, John Gould, wanda ya kai ƙara kuma aka biya shi diyya. A 1951 ne jirgi na ƙarshe ya ratsa hanyar baki ɗayanta.

Waɗanda suka ce ba su yarda ba

A daidai wannan lokaci wani sabon tunani ya fara yaɗuwa a Birtaniya. A 1944 marubuci L.T.C. Rolt ya wallafa littafinsa Narrow Boat, kan tafiyar da ya yi a tsofaffin hanyoyin ruwan ƙasar. Littafin ya ja hankalin jama'a, har ya kai ga shi da Robert Aickman da wasu suka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association a 1946, domin kare hanyoyin daga rufewa.

Da hukumar sufuri ta nemi majalisa ta amince a yi watsi da Kennet da Avon a tsakiyar shekarun 1950, sai mazauna yankin suka tashi tsaye. Sun tattara sa hannun mutum fiye da 20,000 a takardar koke zuwa ga Sarauniya. A 1956 majalisa ta ƙi amincewa a rufe hanyar, ko da yake ba ta tilasta a gyara ta ba. Wato ba a kashe ta ba, ba a kuma yi mata magani ba.

Masu fafutukar sun gane cewa koke kaɗai ba zai mayar da ruwa cikin busasshen rami ba. A 1962 suka kafa ƙungiyar Kennet and Avon Canal Trust, wadda ta sa gyaran hanyar a gaba.

Abin da ya faru a wasu wurare ya ƙara musu ƙwarin gwiwa. A 1964 aka sake buɗe hanyar ruwan Stratford, bayan aikin da masu sa-kai da sojoji da fursunoni suka yi tare. A 1968 kimanin mutum 600 suka taru a hanyar ruwan Ashton kusa da Manchester, suka kwashe tarkacen da ya kai tan 2,000 a cikin kwana biyu. A 1970 kuma aka kafa ƙungiyar Waterway Recovery Group, wadda har yanzu take tura masu aikin sa-kai duk inda ake gyaran hanyar ruwa a ƙasar.

Sai dai dokar sufuri ta 1968 ta zo musu da cikas. Ta kasa hanyoyin ruwa gida uku: na kasuwanci, na shaƙatawa, da ragowar da ba a ga amfaninsu ba. Mafi yawan tsakiyar Kennet da Avon ta faɗa a kaso na uku, ma'ana hukuma ba za ta kashe mata kuɗi ba sai abin da ya zama tilas domin kare lafiyar jama'a. Duk mai son ganin jirgi a kanta, sai ya nemo kuɗin da kansa.

Aikin da aka yi

Abin da masu sa-kan suka tarar ya isa ya karya zuciya. A wurare da dama bishiyoyi sun tsiro a tsakiyar hanyar. Zaurukan Caen Hill sun zama kango, ƙofofinsu sun zube, ciyawa ta rufe tafkunansu. Wasu sassa kuma sun zama juji.

Mutanen da suka fito ba ma'aikatan gini ba ne. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan ofis da ɗalibai da 'yan fansho, waɗanda ke zuwa a ranakun Asabar da Lahadi da lokutan hutu, da shebur da gatari da baro. Sun sare bishiyoyi, sun kwashe laka daga cikin zauruka, sun tsame bulon da ya zube sun wanke shi domin a sake gini da shi. Wasu kuma ba su taɓa shiga taɓo ba, aikinsu shi ne neman kuɗi: sayar da shayi da tsofaffin kaya, shirya tattaki, da ɗaukar baƙi a jirgi a sassan da ruwa ya rage.

Dabarar da suka bi ita ce gyara sashe bayan sashe. Duk sashen da aka kammala sai a buɗe shi, jama'a su gani da idonsu, ƙananan hukumomin yankin su samu hujjar ba da gudunmawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wuraren da suka fi ƙarfin shebur. Tsakanin Bath da Bradford-on-Avon hanyar na bin gefen tudu mai zaftarewa, kuma ruwa na tsiyayewa ta ƙasa. Asalin dabarar magina ita ce dandaƙe yumɓu a gindin hanyar domin ya riƙe ruwa, amma a nan sai da aka shimfiɗa kankare. An yi wannan aiki a shekarun 1970 da taimakon shirin gwamnati na samar wa marasa aikin yi abin yi. A cikin birnin Bath kuwa, wani sabon titi ya ci wurin zaure guda, don haka aka haɗe zauruka biyu suka zama ɗaya mai zurfin kusan mita shida, wanda aka buɗe a 1976.

Injinan da suka sake numfashi

A 1968 ƙungiyar ta sayi tashar famfo ta Crofton a kan fam 75 kacal, domin ta riga ta daina aiki. A cikinta akwai injin tururi da kamfanin Boulton da Watt ya ƙera a 1812. Masu sa-kai, ciki har da tsofaffin injiniyoyi, suka kwance shi suka gyara, a 1970 ya sake motsi. Ana ɗaukarsa a matsayin injin irinsa mafi tsufa a duniya da ke nan a inda aka kafa shi, yana kuma iya yin aikin da aka ƙera shi dominsa. Kowane bugu ɗaya da ya yi, kimanin tan guda na ruwa yake ɗagawa.

Famfunan lantarki ne ke aikin yau da kullum, amma a wasu ranaku na shekara ana hura wutar gawayi a tayar da tsohon injin domin masu ziyara. Tashar Claverton ma an farfaɗo da ita, da hannun ɗaliban injiniya na Jami'ar Bath da sauran masu sa-kai, aka buɗe ta ga jama'a a 1978.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Bikin 1990 bai kawo ƙarshen aiki ba. Hanyar ta buɗe, amma ruwa na ƙaranci, har sai da aka taƙaita yawan jiragen da ke bin Caen Hill. A 1996 aka kafa famfunan da ke mayar da ruwa daga gindin tudun zuwa samansa, masu iya tura kusan lita miliyan 32 a rana.

A shekarar ce kuma asusun Heritage Lottery Fund, wanda ke ware wani kaso na kuɗin cacar ƙasa domin adana kayan tarihi, ya ba da fam miliyan 25 domin ƙarfafa gaɓoɓin hanyar da toshe wuraren da ke yoyo da gyara gadoji. An kammala wannan zango a 2003, inda Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarki, ya kai ziyara.

A nan ne darasin yake. Aikin gayya bai isa ya gina hanya mai kilomita 140 ba, kuma masu sa-kan ba su taɓa cewa su kaɗai suka yi ba. Ma'aikatan hukumar British Waterways da 'yan kwangila ne suka yi manyan ayyukan injiniya. Amma da ba a ga mutane sun shafe shekara 30 suna zuba guminsu ba, da wuya wata hukuma ta saki irin wannan kuɗi. Gumin ne ya zama shaidar cewa al'umma na son abin.

Me aka samu?

Babu sauran jigilar gawayi ko dutse a kan hanyar. Amfaninta ya koma fannoni uku.

Na farko, tarihi. Gadojin Dundas da Avoncliff, waɗanda ke ɗauke da hanyar ruwan su tsallaka da ita saman Kogin Avon, da ramin Bruce mai tsawon mita 459 da ke ratsa cikin tudu, duk suna nan ana amfani da su. Ba a cikin gilashi ake kallonsu ba.

Na biyu, ilimi. Ƙungiyar ta kafa gidan tarihi a tsohuwar tashar jirage ta Devizes, kuma makarantu kan kai ɗalibai Crofton da Caen Hill. Yaron da ya tura ƙofar zaure da hannunsa, ya ga jirgi mai nauyin tan da yawa ya taso ba tare da inji ba, ya fahimci abin da allo ba zai nuna masa ba. Haka nan aikin ya hana wasu sana'o'i ɓacewa, kamar gini da farar ƙasa da sassaƙa ƙofofin katako.

Na uku, yawon buɗe ido. Iyalai kan yi hayar dogayen jirage su kwana a ciki, suna tafiyar da ba ta wuce kilomita shida a awa ba. Ƙungiyar na da jiragen ɗaukar baƙi a Newbury da Hungerford da Devizes da Bradford-on-Avon, waɗanda masu sa-kai ke tuƙawa, akwai kuma waɗanda aka ƙera musamman domin masu buƙata ta musamman. Tsohuwar hanyar dawakai ta zama ta masu tattaki da masu keke, kuma su ne suka fi yawa. A lokacin bikin Ista ana tseren kwale-kwale daga Devizes zuwa Westminster a Landan, tafiyar kilomita 200, al'adar da ta faro tun 1948. Gidajen abinci da masaukai da masu gyaran jirage a garuruwan da ke bakin ruwan duk suna cin arzikin wannan zirga-zirga.

Inda ake samun saɓani

Raya hanyar ya zo da nasa rigingimun. Akwai tambayar me ake nufi da gyara: mayar da abu yadda yake, ko sa shi ya yi aiki? A ɓangaren Kogin Kennet yawancin tsofaffin zaurukan gefensu na ƙasa ne da ciyawa, amma an sake gina su da kayan zamani saboda sun fi aminci da adana ruwa. Biyu kacal aka bari a siffarsu ta asali, wato na Garston da na Monkey Marsh.

Akwai kuma batun muhalli. A shekarun da hanyar ta yi a yashe, tsuntsaye da tsirrai da ƙananan dabbobin ruwa sun mayar da ita gida. Dawowar jirage na tayar da laka, kuma masu kamun kifi sun daɗe suna kukan cewa ruwan hanyar na gurɓata Kogin Kennet, wanda aka san shi da garai-garai.

Sai kuma masu zama a cikin jirage. Tsadar gidaje, musamman a kewayen Bath, ta sa mutane da dama sun mayar da jirgi mazauninsu. Doka ta ce wanda ba shi da wurin ɗaure jirgi na dindindin kada ya wuce kwana 14 a wuri guda, sharaɗin da ke wahalar da masu aiki ko masu 'ya'ya a makaranta, yayin da masu yawon shaƙatawa ke ƙorafin rashin wurin tsayawa.

Nauyin da ke gaba

A 2012 gwamnati ta miƙa kimanin kilomita 3,200 na hanyoyin ruwan Ingila da Wales, har da Kennet da Avon, ga wata gidauniya mai zaman kanta, Canal & River Trust. Gidauniyar na samun kuɗi daga lasisin jirage da hayar kadarori da gudunmawar jama'a, da kuma tallafin gwamnati na kimanin fam miliyan 52 a shekara. A Yulin 2023 gwamnati ta sanar cewa daga 2027 tallafin zai riƙa raguwa shekara bayan shekara. Gidauniyar ta ce idan aka yi la'akari da hauhawar farashi, ragin zai haura fam miliyan 300 a cikin shekara 10, kuma zai iya kaiwa ga rufe wasu hanyoyin.

Wannan na zuwa ne a lokacin da kuɗin kulawa ke ƙaruwa. Ƙofar zaure ta katakon oak ba ta wuce kimanin shekara 25 sai an sauya ta. Sauyin yanayi kuma na gwada ƙarfin gine-ginen da suka haura shekara 200. A Agustan 2019, bayan ruwan sama mai yawa, wani ɓangare na madatsar Toddbrook da ke ciyar da hanyoyin ruwa a arewacin Ingila ya rufta, aka kwashe kusan mutum 1,500 daga garin Whaley Bridge. A 2022 kuma fari ya tilasta rufe zauruka a hanyoyi da dama.

Saboda haka dogaro da masu aikin sa-kai ƙaruwa yake yi. Su ne ke taimaka wa matuƙa a Caen Hill, su ne ke fenti da sassabe da hura wutar Crofton. Da yawa daga cikin waɗanda suka faro aikin a shekarun 1960 sun riga mu gidan gaskiya, kuma akasarin masu yi yanzu 'yan fansho ne. Ko hanyar za ta ci gaba da ɗaukar jirage nan da shekara 50, ya danganta ne da abu biyu: samun kuɗin sauya ƙofofi da gyaran gaɓoɓi a kan lokaci, da samun matasan da za su karɓi sheburin daga hannun dattawa.